Yadda sabon mahayi zai sa doki ya yarda da jagorancinsa

Dokin hawa matsakaici yakan kai kilo 400 zuwa 500. Kai da za ka hau shi, da ƙyar ka kai kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa. Saboda haka tun yanzu ka cire maganar ƙarfi daga lissafinka. Duk dokin da ka ga yana bin mutum, ya yarda ne ya bi. Na daɗe ina koya wa sababbin mahaya, kuma abin da ya fi ba su wuya shi ne su roƙi doki abu ɗaya a fili, su kuma daina roƙo da zarar ya ba su. Zama a kan sirdi yana zuwa da kansa daga baya. Wannan aikin zan bi da kai daki-daki.

Kayan da za ka tanada

Ragama, wato abin da ake sa wa doki a kai don a ja shi ko a ɗaure shi, da igiyar ja mai tsawon kamar mita 3, mai kauri, wadda ba za ta yanke maka tafin hannu ba. Burushi biyu, mai tauri da mai laushi. Ƙarfen sakace kofato. Sirdi da ya dace da bayan dokin, da shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashinsa, da majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, da likkafa. Linzami mai sauƙi, mai gaɓa a tsakiya, wanda ba shi da kaifi. Hular kwano ta hawa. Takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya, don kada ƙafarka ta zarce cikin likkafa. Sai fili mai shinge, ƙasarsa ba santsi, ba duwatsu.

Ƙaimi kuwa ajiye shi. Ƙafar sabon mahayi ba ta zauna ba tukuna, zai riƙa sukar doki bai sani ba.

Idan babu ƙarfen sakace kofato, sandar icce mai ƙwari da ba ta da tsini za ta yi. Idan babu fili mai shinge, ka sa wani gwani ya riƙe dokin da doguwar igiya kana bisa kansa. Idan babu hular kwano, babu hawa ranar nan. Aikin ƙasa ya ishe ka, kuma yana da yawa.

Mafi muhimmanci cikin kayan duka shi ne dokin kansa. Nemi babba, mai shekara 10 ko fiye, wanda ya saba da mutane iri-iri, goɗiya mai sanyi ko dandaƙaƙƙen doki. Ingarma da duƙushi ba naka ba ne yanzu. Idan kai ba ka sani ba, shi ma bai sani ba, wa zai koya wa wani? Ka kuma samu gwanin doki da zai tsaya kusa da kai a makonnin farko.

Mataki na 1: Tsaya ka kalla kafin ka taɓa

Kwana biyu ko uku na farko, je ka tsaya a bakin barga ko bakin shinge na minti 15 ba ka neman komai daga wurinsa. Doki dabba ce da ake farauta a daji, garke ne tsaronsa, gudu kuma makaminsa na farko. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma akwai wuri biyu da ba ya gani: daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta waɗannan wuraren ba sallama, shi ya jawo wa kansa harbi.

Kalli kunnuwansa. Idan sun miƙe gaba, hankalinsa yana can inda suka nuna. Idan ɗaya ya juyo wajenka, yana saurarenka. Idan ya lafe su baya sun manne da wuya, gargaɗi ne, ka ja da baya. Farin ido a waje, kai a sama, hanci a buɗe, wuya ya sandare: tsoro ke nan. Kai a ƙasa, leɓe a sake, ƙafar baya ɗaya a ɗage a kan bakin kofato, dogon numfashi: ya natsu. A lokacin hutu zuciyarsa takan buga tsakanin 28 zuwa 44 a minti ɗaya, numfashi kuma 8 zuwa 16. Ka san yadda naka yake a ranar lafiya, don ka gane ranar da ba lafiya.

Sabon shugaba da ya shiga wuri ya fara ba da umarni tun bai san wanda ke tsoro da wanda ke gajiye ba, daidai yake da wanda ya faɗa barga ta bayan doki.

Mataki na 2: Gyara kanka kafin ka shiga

Zan daɗe a nan, domin a nan yawancin mutane suke ɓata aikin tun ba su fara ba.

A farkon ƙarni na 20, a birnin Balin na ƙasar Jamus, an yi wani doki mai suna Hans. Mai shi, Wilhelm von Osten, yakan ba shi lissafi, dokin ya riƙa buga kofato a ƙasa har ya kai adadin amsar, sai ya tsaya. Jama'a suka ɗauka lissafi ya iya. Wani masanin halayya, Oskar Pfungst, ya bincika, ya fitar da sakamakonsa a 1907: idan mai tambayar bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, sai ya kasa. Ashe jikin mutum yake karantawa. Mai tambaya yakan ɗan ɗaure yayin da bugun ke kusantar amsa, ya saki jiki ko ya ɗan ɗaga kai idan an kai, ba tare da shi kansa ya sani ba. Wannan ɗan motsin Hans yake jira.

Dokinka ma haka yake karanta ka. Idan ka shigo da fushin da ka kwaso daga wani wuri, kafaɗunka a ɗage, numfashinka gajere, ya gani tun kana bakin ƙofa. A lissafinsa, idan wanda ke gaba ya firgita, akwai abin firgita a kusa. Don haka ka tsaya a waje, ka ja numfashi mai tsawo sau 4 ko 5, ka sauke kafaɗu, ka yanke a ranka abu ɗaya da kake so ku yi yau. Ɗaya tak. Idan ranka ya ɓaci ƙwarai, ka goge shi da burushi kawai ka tafi. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce wani mahayi Bagirke, Zenofon, ya yi wa masu dawaki nasihar kada su taɓa yin hulɗa da doki cikin fushi, kuma har yau ban ga abin da ya kayar da wannan magana ba.

Kada ka yi ƙoƙarin ɓoye tsoro ta hanyar ɗaga murya. Tsoron yana nan, ka ƙara masa hayaniya. Gara ka rage abin da za ka yi zuwa iyakar da ba ka tsoro, ka fara daga can.

Mataki na 3: Kusanta da sa ragama

Nufo shi ta wajen kafaɗarsa ta hagu, a karkace, kana magana a hankali don ya san inda kake. Miƙa masa bayan hannunka ya sunsuna. Shafa wuya ko kafaɗa, kada ka fara da fuska. Ɗora igiyar a wuyansa tukuna, sannan ka zura hancinsa cikin ragama, ka ɗaure ta bayan kunnuwa. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin ragama da fuskarsa.

Gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa: kada ka naɗe igiya a hannunka, ko a yatsa, ko a kugu. Ninka ta a tafin hannu yadda za ta zare idan ya fizga. Mutane sun rasa yatsu a kan wannan. Idan za ka ɗaure shi a turke, ɗaure a tsayin kafaɗarsa ko sama kaɗan, da ƙullin zarge wanda ja ɗaya ke warware shi, kuma da ragama za ka ɗaure, ba da linzami ba.

Idan ya juya ya ba ka baya ya tafi, kada ka bi shi da gudu, ba za ka kama shi ba. Bi shi da tafiya a gefe, ka tsaya duk lokacin da ya waiwayo ya dube ka, har ma ka ɗan ja baya taku ɗaya. Da sannu zai gane cewa duban ka shi ke kawo sauƙi.

Mataki na 4: Matsi da saki, uwar aikin duka

Doki ba ya koyo daga matsin da ka yi masa. Daga sakin yake koyo. Duk abin da yake yi a daidai lokacin da matsi ya ɗauke, shi zai ɗauka a matsayin amsa daidai, ko da ba shi kake so ba.

Ga yadda za ka gwada. Tsaya a gefen kansa, riƙe igiya kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓarsa. Kana so ya ja baya taku ɗaya. Fara da mafi sauƙin roƙo: juyo ka fuskance shi, ka ɗan matsa igiyar zuwa ƙirjinsa da nauyin da bai fi na riƙe ƙwai ba. Jira daƙiƙa 2 ko 3. Bai motsa ba, ƙara kaɗan. Bai motsa ba, ƙara kuma, ka sa yatsun ɗaya hannun a ƙirjinsa. Da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya baya, ko ma ya karkata nauyinsa baya, saki nan take, cikin daƙiƙa ɗaya. Shafa wuyansa, bar shi ya huta ɗan lokaci. Sannan ka sake, kuma ka sake farawa daga mafi sauƙi, ko da a karon baya sai da ka kai ga matsawa sosai. Wannan komawa farko shi ke sa wata rana ya ja baya da ɗaga yatsa kawai, domin ya koyi cewa ƙaramin roƙo yana da babba a bayansa, gara ya amsa tun da wuri.

Kurakurai uku ake yi a nan. Na farko, mutum ya samu abin da ya roƙa amma ya ci gaba da ja, yana son taku biyar alhali yau taku ɗaya ake koyo. Dokin ya ba da amsa daidai bai ga sauƙi ba, sai ya nemi wata amsar: ya ɗaga kai, ya turje, ko ya yi tabarya, wato ya miƙe a kan ƙafafun baya. Na biyu, mutum ya saki a lokacin da dokin ke gardama, don ya tsorata ko ya gaji. To, ka koya masa gardama ke nan. Idan ya turje, riƙe matsin yadda yake, kada ka ƙara da zafi, kada ka saki, jira har ya gwada abin da kake so. Na uku shi ne naci: ɗan ja, ɗan ja, ɗan dukan dunduniya ba tsayawa, ba ma'ana. Doki yakan toshe kunne ga irin wannan, kamar yadda ma'aikaci ke daina jin shugaban da kullum yana cikin ƙorafi, an yi daidai ya yi magana, an yi kuskure ya yi magana.

Na sha ganin masu riƙe da jama'a da ba su san saki ba. An kawo musu aikin da suka nema, maimakon su ce madalla su ɗaga ƙafa, sai su ɗora wani a kai nan take. Daga baya su yi mamakin yadda mutanensu suka daina hanzari. Mutanen sun koyi abin da doki zai koya ne: gama aiki da wuri ba ya kawo hutu.

Da wannan hanya ɗaya za ka koya masa sauke kai, da matsar da ƙugu gefe, da matsar da kafaɗa, da ɗaga ƙafa. Minti 15 zuwa 20 a rana sun isa.

Mataki na 5: Ja da tafiya, da kiyaye iyaka

Yi tafiya a gefensa na hagu, kafaɗarka daidai tsakanin kansa da kafaɗarsa, igiya da ɗan sako-sako. Dubi inda za ka, kada ka riƙa waiwayen fuskarsa. Mai jan doki yana kallonsa yakan sa shi ya tsaya cik. Ka tsaya, ya tsaya. Idan ya wuce ka, mai da shi baya zuwa inda ya kamata ya tsaya, ba tsawa, sannan ku ci gaba.

Ka yanke tazarar da ba zai shigo ba sai ka gayyace shi, kamar tsawon hannunka. Abin da ke ɓata wannan shi ne yau ka bar shi ya goga kansa a ƙirjinka kana dariya, gobe ka sa fararen kaya ya yi haka ka mare shi. A wurinsa abu ɗaya ya yi, ya samu sakamako biyu. Dokar da ke canzawa da yanayin ran mai ita tana haifar da doki mai ɗar-ɗar, mai ɗar-ɗar kuma shi ne mai haɗari. Idan mutane da yawa ke kula da shi, ku zauna ku daidaita dokokinku da kalmominku.

Mataki na 6: Goga, duba kofato, ɗaura sirdi

Goge shi daga wuya zuwa baya, ka bi kwanciyar gashi, hannunka ɗaya a jikinsa kullum don ka ji motsinsa kafin ya yi. Idan za ka zaga ta baya, ko dai ka manne da shi hannunka a ƙugunsa, ko ka yi nisa inda ƙafa ba ta kai. Tsakiyar nan ita ce wurin shan harbi mai ƙarfi. Ɗaga kowace ƙafa, ka sakace daga dunduniyar kofato zuwa gaba, kana kiyaye tsokar nan mai laushi mai siffar kibiya da ke tsakiya. Kada ka durƙusa gwiwa a ƙasa, tsuguna yadda za ka iya tashi da sauri.

Ɗora shimfiɗa da sirdi a ɗan gaba, ka zamo da su baya har su zauna. Sirdi kada ya taɓa tudun ƙashin da ke tsakanin wuya da baya. Yatsu 2 ko 3 su shiga a wurin. Ja majayi kaɗan-kaɗan, a karo uku, da 'yar tafiya a tsakani. Wanda ke fizge majayi lokaci ɗaya shi ke koya wa doki cizo idan ya ga sirdi. Tsawon likkafa kuwa, auna da hannunka: yatsu a inda maɗaurinta ya fito daga sirdi, ƙarfen ya kai hammatarka.

Akwai wata goɗiya da na taɓa shafe kusan mako ina ce mata mai taurin kai. Da na hau sai ta lafe kunne, ta ƙi gaba. Na ƙara matsi, ta ƙara turjiya. Ranar da na bi bayanta da tafin hannu a hankali, na tarar da kumburi mai zafi daidai inda sirdin ke danna ta. Mako guda tana gaya mini da iyakar harshen da take da shi, ni kuma ina hukunta ta. Abin ya dame ni ƙwarai, har yau ina tuna shi. Ruwa ba ya tsami banza. Idan doki mai biyayya ya canza hali, duba bayansa, bakinsa da haƙoransa, ƙafafunsa, da kayan da ka ɗaura masa. Bayan haka duba roƙonka, ko a fili yake. Sai ka gama da waɗannan kafin ka fara zargin halinsa. Idan ka ga ɗingishi, kumburi, ko ya ƙi cin abinci, kira likitan dabbobi.

Mataki na 7: Hawan farko

Hau daga kan wani abu mai tudu da ba ya motsi, don ka rage wa bayansa murɗawa. Wani ya riƙe maka shi. Ƙafar hagu a likkafa, ɗaga ta dama sama da ƙugunsa ba tare da ta taɓa shi ba, ka sauka a sirdi a hankali, kada ka faɗa kamar buhu. Sannan ka zauna shiru kamar rabin minti. Dokin da aka saba tayar da shi da zarar an hau, wata rana zai tafi ƙafarka ɗaya tana ƙasa.

Kunne, kafaɗa, ƙugu da dunduniya su yi layi ɗaya. Dunduniya ƙasa, ido gaba. Don tafiya, ka bi tsarin mataki na 4: miƙe zama, matsa da ƙwauri a hankali, ƙara idan bai amsa ba, saki da zarar ya taka. Don tsayawa, saki numfashi, nutse cikin sirdi, rufe yatsu a kan igiyar linzami, saki da zarar ya tsaya.

Babban laifin sabon mahayi shi ne ya ce tafi da ƙafa, ya ce tsaya da hannu, a lokaci guda. Tsoro ke sa shi ya ƙanƙame da ƙafafu ya kuma rataya a linzami. Dokin da aka rufe wa gaba aka kuma tura daga baya, sama kawai ta rage masa, daga nan tutsu da tabarya ke fitowa. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin mai cewa "na ba ka wuƙa da nama" alhali yana riƙe da hannunsa ya san wannan ƙuncin. Idan ka ji za ka zame, kama geza ko kwacciyar sirdi, wato tudun gabansa. Bakin doki ba abin riƙo ba ne.

Zauna a tafiya kawai har sai kana iya tsayawa, juyawa hagu da dama, da ja baya ba tare da kokawa ba. Sassarfa ta biyo baya, da igiya a hannun mai koya maka. Sukuwa tana nan tana jiranka, sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na 8: Idan ya firgita

Zai firgita, ko da leda ce iska ta ɗauko. Kada ka doke shi, domin zai haɗa abin tsoron da zafin duka, gobe tsoron ya ninka. Zauna daram, yi numfashi, ba shi aikin da ya sani: ɗan zagaye, ko juyawa. Bar shi ya dubi abin daga nesar da zai iya jurewa, ku matsa taku biyu, ku ja baya, ku sake matsawa. Idan ya fara sauri fiye da yadda kake so, kada ka ja igiya biyu da ƙarfi, ya fi ka ƙarfin wuya. Ja ɗaya a hankali ka shigar da shi babban zagaye, kana rage faɗinsa har ya sassauta. Kada ka fizge kansa gefe yana cikin gudu, zai iya faɗuwa da kai. Idan kuma abin ya fi ƙarfinka, sauka ka ja shi a ƙasa ku wuce wurin tare. Babu abin kunya a nan, kuma dokin zai ga ka shiga gaba a inda yake tsoro.

Mataki na 9: Inda za ka tsaya

Tsaya a kan abin da ya yi daidai, tun bai gaji ba. Idan sabon darasin ya ƙi yiwuwa yau, koma kan wanda ya iya, ya yi shi sau ɗaya da kyau, ka sauka a nan. Sassauta majayi, ja shi da tafiya kamar minti 10 har numfashinsa ya dawo daidai, sauke sirdi, ka duba bayansa: shacin gumi ya zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu, busasshen tabo a tsakiyar gumi alama ce ta wurin da sirdi ke dannawa fiye da kima. Ba shi ruwa mai tsabta, sake duba kofato ko ya ɗauko tsakuwa.

Kafin ka kwanta, rubuta layi uku a ɗan littafi: abin da ka roƙa, abin da ya yi, da lokacin da ka saki. Gobe ka karanta su kafin ka ɗauki ragama, ka fara daga taku ɗaya ƙasa da inda kuka tsaya.